Dutsen da Bahago Ya Aiko

Ruwan da aka fara tun sha biyun rana bai ɗauke ba sai wajen ƙarfe uku. Sufeto yana tsaye a bakin taga yana kallon yadda kwatar ofis ta cika ta batse, sai ya jiyo muryar mace a kantar karɓar ƙara, tana zuba magana kamar ana korarta.

Saje ya leƙo da ƙaton tumbinsa.

"Yallaɓai, wata ce ta zo. Wai an shiga shagonsu an kayar da mahaifinta, an ɗauke dutse."

"Dutse?"

"Dutse fa. Na tambaye ta na niƙa ne ko na guga, ta watsa mini harara."

Sufeto bai yi dariya ba. Shekara ashirin da biyu yana aikin nan, kuma irin mutanen nan ne masu magana a hankali, har mai laifi ya ɗauka gyangyaɗi suke yi. Ya ce a shigo da ita.

Ba za ta wuce shekara talatin ba, ta jiƙe sharkaf daga gwiwa zuwa ƙasa. Ta ce Auta ake kiranta, ita ke riƙe da shagon mahaifinta, tsohon nan da kowa ya sani da Mai Duwatsu. Ta fita kai saƙo, ruwa ya tsare ta, ta dawo ta tarar tela maƙwabcinsu ya riga ya kai tsohon asibiti. Ƙashin ƙugunsa ya karye.

"Dutsen yana da tsada?" in ji Sufeto.

"A'a, ranka ya daɗe. Amma da shagon aka kwashe gaba ɗaya aka bar shi, da Baba ya fi samun sauƙi. Yayana ne ya aiko da shi shekara bakwai da suka wuce. Daga ranar ba mu sake jin ɗuriyarsa ba."

Sufeto ya ɗauki hularsa.

Shagon ɗan tsukuku ne, tsakanin shagon tela da na mai gyaran agogo. Akwai sikeli ƙarami a kan tebur, da tabarau mai ƙara girman abu, da akwatin gilashi mai hawa uku jikin bango. A hawa na ƙasa koraye da shuɗɗan duwatsu ne a jere, suna walwali. Hawa na sama kuwa wayam, sai shatar inda wani abu ya daɗe a zaune.

Sufeto ya ja murfin akwatin. A kulle yake.

"Ke kika kulle?"

"Haka na tarar da shi. Makullin a aljihun teburin nan muke ajiyewa, ƙarƙashin sikeli. Ɓarawon ya tafi da shi."

"Waɗannan korayen fa?"

"Guda ɗaya daga cikinsu ya fi wancan daraja sau ashirin."

Saje ya dafe ƙugu. "Yau na ga ɓarawo mai ladabi. Ya bar na tsada, ya ɗauki na banza, ya kuma kulle akwati kada wani ya yi musu sata."

Auta ta nuna musu hoton dutsen a wayarta. Girmansa kamar tafin hannun babban mutum, launinsa shunayya mai sirkin ruwan hoda, yana sheƙi kamar cikin ƙumba. Gefensa kuwa falle-falle ne, ɗaya a kan ɗaya.

"Sunansa na boko lefidolait," in ji ta. "Mu a nan Littafi muke ce masa, saboda shafukan."

A ɗakin ciki, inda tsohon yake kishingiɗa da rana, Sufeto ya tarar da abinci an juye a faranti, an kife wani farantin a kai. Ko loma ɗaya ba a taɓa ba.

"Baba ba ya juye abinci," in ji Auta. "A kula yake ci. Ja ce, mai murfin dunƙule." Ta duba ƙarƙashin tebur, ta duba bayan ƙofa. Kular ba ta nan.

Tela bai ga abin kirki ba. Ya ce yana kan keke aka buga masa ƙofa, ya buɗe ya ga wani dogon mutum cikin rigar ruwa mai hula, ya sunkuyar da kai, mutumin ya ce tsoho ya faɗi, ya juya da gudu rungume da wani abu a ƙirjinsa. Da tela ya shiga shagon, ya tarar da Mai Duwatsu a ƙasa, an saka masa filo a ƙarƙashin kai.

A bayan shagon akwai rumfar aiki, can suka sami Gwani, mai yanka duwatsu da goge su. Shekara talatin yana tare da Mai Duwatsu, har furfura ta cimma su tare. Yana zaune gaban injinsa, bai kunna ba.

"Ina kake da ƙarfe ɗaya?" in ji Sufeto.

"Na je sayo samfefa ta goge dutse."

"Ina take?"

Gwani ya dubi teburinsa. "Ban samu irin wadda nake so ba."

"Me zai sa ɓarawo ya ɗauki kular abinci?"

Wannan tambayar ta saki bakin Gwani, don maganar sana'arsa ce. Ya ce ai Littafi ba ya shiri da ruwa. Dutse ne mai laushi, ko kwabo ka goga masa sai ya yi zane, kuma da tsinin allura za ka ɗaga falle ɗaya ka kalli fitila ta cikinsa. In ya jiƙu, ruwa ya ratsa tsakanin shafukan, sai ya fara ɓarewa yana zuba. Masu wanke shi da ruwan gishiri kuwa, wai don tsarkake shi, gara su sa guduma su huta. Ba a haɗa shi da duwatsu masu tauri, ba a barinsa a rana, ba a goge shi da tsumma. Buroshi mai taushi kawai, a bushe, sannan a kwantar da shi cikin auduga.

"To mutane me suke yi da shi?" in ji Saje.

"Masu haƙo shi suna cewa yana kwantar da hankali. Wai in ka sa a ƙarƙashin filo za ka yi barci, in kana kewar wani zuciyarka za ta yi sanyi. Mata suna zuwa nan su roƙi ɗan ɓarɓashi. Akwai sinadarin litiyam a cikinsa, wanda ake batir da shi, ake kuma haɗa wani maganin asibiti. Amma a cikin dutse a ɗaure yake. Ko shekara ka yi kana rungumarsa ba zai shiga jikinka ba."

"Ke nan wanda ya ɗauka ya san kada ruwa ya taɓa shi, shi ya sa ya saka shi a kula."

"Da alama."

"Mutum nawa suka san haka?"

"Ni, da Mai Duwatsu, da Auta." Ya kama goge hannunsa da tsumma alhali babu komai a hannun. "Shi ke nan."

A asibiti likita ya tare Sufeto a bakin ɗaki. Ya ce karayar ba ta da kyau, shekarun tsohon sun ja, zuciyarsa kuma ba ta da ƙwari. Abin da ya fi damun su shi ne ya ƙi cin komai.

Mai Duwatsu ɗan firit ne a kan gadon, idanunsa ƙur a kan ƙofa. Da aka buɗe ta sai da ya yunƙura, da ya ga kaki ya koma ya kwanta.

"Sannu, Baba. Ka ga wanda ya ture ka?"

"Ban gani ba, ɗana. Ya rufe fuska. Wani gajere ne, mai ƙiba, baƙo ne a unguwar."

"Tela ya ce dogo ne."

"Tela ba ya gani sai da tabarau."

"Ya yi magana?"

"Ko uffan."

Sufeto ya ja kujera ya zauna. Ya ce a ba shi labarin yaron da ya aiko da dutsen. Nan take fuskar tsohon ta canja. Ya ce Bahago ake ce masa, don da hagu yake komai. Tun yana ɗan shekara tara yake rarrabe duwatsu da ido. Da ya girma ya ce shago ya yi masa kaɗan, zai tafi inda ake haƙo su. Bayan wata biyar sai ga dutsen cikin kwali, da 'yar takarda, yana cewa wannan somin taɓi ne, ba zai dawo ba sai da abin da zai sa a rushe shagon a gina bene.

"Ni ban ce ina son bene ba," in ji tsohon. "Uwarsa ta rasu tana tambayar ko ya bugo waya. Na gwada abin da masu haƙa suke faɗa, na sa Littafin ƙarƙashin filo har sau uku. Ban yi barci ba, ban kuma yi mafarkinsa ba. Sai na mayar da shi gilashi. Kullum da safe nakan share shi da buroshi, in ce masa ina kwana."

Da Sufeto ya miƙe, tsohon ya kamo bakin rigarsa.

"In kun kama shi, kada a doke shi."

"Gajeren mai ƙiba?"

Tsohon ya saki rigar, ya juya fuska bango.

A mota tunani ya ɗauke Sufeto. Shi ma yana da nasa tabon. Lokacin da mahaifinsa yake ciwon ajali yana can wani gari a bakin aiki, kullum yana cewa sai ƙarshen wata. Da ya iso, an riga an dawo daga maƙabarta. Ƙanwarsa ta gaya masa cewa duk wanda ya taɓa ƙofa sai tsohon ya ɗaga kai. Shekara goma sha ɗaya ke nan, amma har yau bai manta ba. Kallon ƙofar nan da ya gani a asibiti ya san shi, ko da yake bai ga na mahaifinsa da idonsa ba.

Washegari da safe suka koma shagon. An sake yayyafi, Saje ya shigo yana mita, ya tura ƙofa ya nemi inda zai rataya jiƙaƙƙiyar hularsa. Sai ya ce, "Af, ga ƙusa ma, amma an riga ni."

Sufeto ya matso. Ƙusa ce tsohuwa a hagun ƙofa, can sama, fenti ya rufe ta har ba a lura da ita. Makulli ƙarami ne rataye a jikinta, da zoben tagulla. Ya ciro shi da hankici, ya zura a akwatin gilashi. Ya buɗe.

"Kin ce ɓarawo ya tafi da shi."

Auta ta kalli ƙusar. Sai da ta dafa tebur.

"Wa ke rataya makulli a nan?"

"Babu kowa. Tun da na karɓi shago na mayar da shi aljihun tebur, don hannuna ba ya kaiwa can."

"Kafin ki karɓa fa?"

"Ban tuna ba."

"Ƙusar a hagu take. Wanda zai fita, hannun damansa na kan mariƙin ƙofa ne ko na hagu, wannan ya danganta da mutum. Amma duk na-dama da zai kafa ƙusa, a dama zai kafa. Wa aka kafa wa wannan?"

"Na ce ban tuna ba, ranka ya daɗe."

Idanunta sun kawo ruwa, amma ta dake. Ta ce ita fa ba ta janye ƙara ba, kuma ko wane ne ya karya mata uba ya gudu, tana so a kama shi. Shekara bakwai ita ke kai Baba asibiti, ita ta yi jinyar uwarsu, ita ke buɗe shago ta rufe, amma duk wanda ya shigo sai a nuna masa dutse a ce ga abin da ɗana ya aiko. Ta share fuska da gefen mayafi, ta ce yanzu za ta wuce asibiti.

Da rana Sufeto ya bi ta can. Tsohon yana barci. A kan ɗan kabad na gefen gado akwai kula ja mai murfin dunƙule.

"Wannan fa?" Ya yi tambayar a hankali.

"Kawu Gwani ya kawo abinci ɗazu," in ji Auta. Sai ta sake kallon kular, ta gane ta.

Sufeto ya kwance murfin ya kai bakin taga. An wanke shi tas, amma a cikin zaren murfin wasu ƙananan abubuwa suna ƙyalli, launin shunayya. Ya dangwala da yatsa, suka manne masa.

Gwani bai yi gardama ba da aka ajiye masa murfin a kan teburin aikinsa. Ya dai ce a ƙofar gidansa ya tsinci kular.

"Kawu," in ji Sufeto, "ka tsinci kayan sata a ƙofar gidanka, ka zuba abinci ka kai wa wanda aka yi wa satar? Ko ka faɗa mini a nan, ko ka faɗa a ofis. Likita ya ce tsohon nan ba lallai ya ga ƙarshen mako ba in bai ci abinci ba. Ni da kai mun san abin da yake jira."

Gwani ya buga tagumi. Can ya ce, "Wata takwas ke nan da dawowarsa. A tashar mota na gan shi, ya rame kamar ba shi ba. Ya sa na rantse ba zan faɗa ba. Jiya da rana wurinsa na tafi, in ƙara roƙonsa ya zo gida, ban same shi ba. Ashe mun yi saɓani. Yau da sassafe ya kawo mini kular, shi ya dafa abin da ke ciki. Ya ce Baba ba ya iya cin abinci a wani mazubi."

"Ina yake?"

"Bayan kasuwar waya. Gyaran batir yake yi."

Rumfar ba ta fi a shimfiɗa tabarma ɗaya ba. Matattun batura ne tsibi-tsibi, da wayoyi a warwatse, da warin dalma. Wani dogon mutum yana sunkuye a kan tebur, ƙarfen liƙi a hannunsa na hagu. Bai kai arba'in ba amma gemunsa ya fara fari, idanunsa sun yi zuru-zuru.

Ya ɗago ya ga kaki, ya ga Gwani a bayansu. Ya zare ƙarfen daga wuta, ya ajiye shi a mazauninsa.

"Yana da rai?" Abin da ya fara tambaya ke nan.

"Yana da rai. Kai ne Bahago?"

"Ni ne."

"Ina dutsen?"

Ya ɗaga labulen da ke bayan teburin. Katifa ce 'yar siririya da filo ɗaya. Ya janyo ƙunshin auduga daga ƙarƙashin filon, ya buɗe da hannu biyu. Sufeto ya ga dutsen a hoto, amma daban yake a ido. Hasken ƙofa ya sauka a kansa, shafukan suka ɗauki sheƙi ɗaya bayan ɗaya. Ban da ɗan ɓarɓashin da ya zuba a kula, ko gefe ɗaya bai ɓare ba.

"Ka san makulli ne ya tona ka?"

Bahago ya yi ɗan murmushin da bai kai ido ba. "Wata da watanni ina tsayawa a inda ake jiran mota, tsallaken titi, ina kallon su. Na ga inda Auta take ajiye shi. Na yi niyyar in mayar can. Wallahi ban san lokacin da hannuna ya kai ƙusar ba. Sai ƙarar zoben na ji. Baba ma ita ta tashe shi daga barci, ya fito."

"Ya gane ka?"

"Ya kira sunana. Ya riƙe mini riga ta baya, ya ce in juyo ya gan ni." Ya sunkuyar da kai. "Na kasa juyowa. Na fizge, na ji faɗuwarsa. Na sa masa filo ina kau da fuska, yana ta laluben hannuna."

"Me ya sa ka ɗauki dutsen?"

"Ramin da muke haƙa ya rufta da mutum huɗu, ni na fita. Na koma wani, aka kore mu. Na yi ta yawo, shekara na bin shekara, kullum ina cewa bari in samu ko kaɗan ne sannan in bugo waya. Har kunya ta fi ƙarfina. A bakin wani direba na ji rasuwar Inna, bayan shekara biyu. Da na dawo, ran nan na matsa kusa da ƙofar shagon, na ji Baba yana nuna wa wani dutsen. Yana cewa ɗana ne ya aiko, yana da ramin kansa, yana nan tafe. Yallaɓai, wancan ɗan da yake jira babu shi. Na ce in na ɗauke dutsen, wataƙila ya haƙura ya daina jira."

"Ka kuma sa shi ƙarƙashin filo."

"Na ce ko zan dace. Rabona da barcin kirki tun ranar da ramin ya rufta." Ya girgiza kai. "Ban runtsa ba."

Saje, wanda bakinsa ba ya shiru, ya juya yana karanta rubutun jikin wani mataccen batir.

Sufeto ya ce, "Maganar dutse ta gida ce, mahaifinka yana iya yafewa. Amma an karya mutum, an shigar da ƙara, fayil ya riga ya hau sama. Sai abin da alƙali ya ce."

"Na sani." Bahago ya miƙa hannayensa biyu. Saje ya sa masa ankwa.

A mota, da suka iso mararraba, Saje ya kunna sigina zai karya hanyar ofis. Sufeto ya ce ya miƙe.

"Yallaɓai, ofis ta nan ne."

"Na san hanyar ofis, Saje."

Bahago ya gane inda aka nufa. Ya fara roƙo, a kai shi ko'ina, a rufe shi shekara nawa ne, amma kada a kai shi gaban Baba a haka. Sufeto bai ko waiwayo ba.

"Akwai shaida da zai tabbatar mini kai ne," in ji shi. "Aiki ne, ba alfarma ba."

Auta ce a bakin ɗakin. Ta ga yayanta, ta ga ankwa. Ta buɗe baki, duk maganar da ta tara ta shekara bakwai tana nan a kan harshenta, amma abin da ya fito shi ne, "Yaya, haka ka rame?" Ta matsa gefe ta ba su hanya, tana toshe baki da mayafi.

Idanun Mai Duwatsu suna kan ƙofa. Wannan karon bai koma ya kwanta ba.

Bahago ya tsaya a ƙafar gado, kansa a ƙasa. Sufeto ya ajiye ƙunshin audugar a kan bargo, kusa da hannun tsohon.

"Baba, ga dutsenka, lafiya lau. Wannan ne mutumin da ya shiga shagonka?"

Tsohon bai kalli ƙunshin ba.

"Matso," ya ce wa ɗansa. "Ɗago in gan ka."

Bahago ya durƙusa a gefen gadon, ya ɗago. Tsohon ya kai hannu ya shafa fuskarsa, goshi da kunci da gemun nan mai fari, a hankali, kamar yadda yake taɓa kayan da yake tsoron su ɓare.

"Baba, ban kawo komai ba."

"Wa ya aike ka kawo wani abu?"

Bahago ya kifa kai a kan bargon, kafaɗunsa suna rawa. Tsohon ya bar hannunsa a kan ƙeyarsa. Ya dubi Sufeto ya ce shi dai santsi ne ya kwashe shi, a rubuta haka. Bahago ya ɗago ya ce a'a, shi ya fizge, kuma haka zai faɗa a gaban alƙali.

Sufeto ya ba su minti goma, ya ƙara musu biyar yana duba wasu takardun da ba su da abin dubawa. Sannan ya taɓa kafaɗar Bahago. Saje ya kama shi ta gwiwar hannu suka nufi ƙofa.

"Ɗana," in ji tsohon, da Sufeto yake. "Ina za ku kai shi?"

"Ofishinmu, Baba. Gobe kotu."

"Can zai kwana?"

"Can zai kwana."

"Akwai bargo?"

"Zan sa a ba shi."

Mai Duwatsu ya gyaɗa kai, ya bi bayan ɗansa da kallo har aka fita da shi. Sannan ya sauke kansa a kan filo.

"To, alhamdu lillahi. Yau dai na san inda yake kwana," in ji shi. "Auta, zuba mini abincin nan."